Hajjin 2024 da bugun rana: yadda aka rasa mutum 1,301 da abin da na kusa da su zai iya yi

Ranar Lahadi 23 ga Yunin 2024 ministan lafiya na Saudiyya, Fahd Al-Jalajel, ya fito ya faɗi abin da aka kwana biyu ana raɗe-raɗinsa, ya ce mutum 1,301 ne suka rasu a aikin Hajjin shekarar, wato Hajjin 1445, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin yin aikin, sun yi doguwar tafiya a ƙasa da tsakar rana babu inuwa babu wurin hutawa. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi ibadarsu. Mun sani kowa da kwanansa, da yawa cikin tsofaffinmu ma addu'arsu kenan Allah Ya sa su cika a ƙasa mai tsarki, to amma yarda da ƙaddara bai hana a zauna a duba yadda abu ya faru ba, ballantana wannan ciwon na bugun rana da yake cikin 'yan ƙalilan ɗin da wanda ke tsaye kusa da kai zai iya fara yi maka maganinsa da ruwa da mafici tun kafin a ga fuskar likita.

Aikin ya faɗo ne a tsakiyar Yuni. An fita Mina ranar Juma'a 14 ga wata, aka hau Arfa Asabar 15, Lahadi 16 aka yi Sallah aka fara jifa, kuma alhazan sun haura miliyan 1 da dubu 800. Ranar Arfa zafin ya wuce digiri 45. Ranar Lahadi kaɗai ma'aikatar lafiyarsu ta ce an samu sama da mutum 2,700 da zafi ya galabaitar. Ranar Litinin 17 kuwa hukumar yanayi ta ƙasar ta auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Wanda ke taka kwalta da silifas, rana ta sama, tiririn ƙasa ta ƙasa, ga mutane sun matse shi ta ko'ina iska ba ta ratsawa, abin da jikinsa ke sha ya wuce duk lambar da aka faɗa a labarai.

Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya ɗauka wuraren nan a manne suke. Daga Makka zuwa Arfa kusan kilomita 20 ne, daga Mina zuwa Arfa kusan 14, sannan a sauko Muzdalifa a kwana a fili, a wayi gari a nufi wurin jifa, a koma tanti, gobe a sake, jibi a sake. Alhajin da ya zo ta hannun hukuma yana da katin Nusuk a wuya, da shi zai shiga mota ko jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, da shi zai shiga tanti mai na'urar sanyi, akwai abinci akwai ruwa akwai likitocin ƙasarsu. Wanda ya shigo da bizar ziyara ya laɓe a Makka har lokacin aiki, shi ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Mota ba za ta ɗauke shi ba ko kuma ta sauke shi nesa da shingen askarawa, sauran hanya sai ƙafa, ya isa Arfa a gajiye babu tantin da zai shiga, sai gindin dutse ko gefen titi. Ga kuma tsoro, don kafin a fara aikin hukumomi sun ce sun fitar da sama da mutum dubu 300 marasa izini daga Makka, ga tarar riyal dubu 10 da kora a kan wanda aka kama, saboda haka mutum yana jin jikinsa ba daidai ba amma yana gudun ya tunkari mai kaki. Wasu ma babu wata takarda a jikinsu, shi ya sa aka daɗe ana fama wajen gane gawawwaki, iyalai suna ta yawo asibiti-asibiti suna saka hotuna a Facebook ko wani ya ga nasu.

Misirawa ne abin ya fi shafa, an ƙirga sama da 600 nasu kuma mafi yawa ba su da rajista, har gwamnatin Masar ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 da suka kai mutane ta wannan hanyar. A Tunisiya shugaba Kais Saied ya sallami ministan harkokin addini. Ni dai ban ga laifin talakan da ya bi ta bayan fage ba kamar yadda na ga na wanda ya karɓi kuɗinsa ya sake shi a rana, don ko a nan gida kuɗin kujera a shekarar ya haura naira miliyan 6, dattijon da ya yi shekaru yana tari idan wani ya zo ya ce masa akwai hanya mai sauƙi ai zai saurara. Abin da ba a faɗa masa shi ne rangwamen da aka yi masa inuwarsa ce da motarsa aka cire.

Ba duka 1,301 ɗin ne za a ce bugun rana ne kai tsaye ya kashe su ba, akwai tsofaffi da masu ciwon zuciya da suga da hawan jini waɗanda zafin ne ya ƙarasa tura ciwon da suke ɗauke da shi. Amma hanyar ɗaya ce, kuma sai an fahimce ta sannan maganin zai yi ma'ana.

Jikin mutum yana zama ne a wajen digiri 37. In ya ɗau zafi sai ya turo jini zuwa fata ya fitar da gumi, kuma ba fitar gumin ce ke sanyayawa ba, bushewarsa ce, kamar dai randar ƙasa da take tsattsafo ta waje iska na busarwa ruwan ciki na yin sanyi. Idan iskar waje ta fi fata zafi to babu sauran wata hanya sai wannan gumin kaɗai, kuma mai tafiya a irin wannan rana zai iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya, da ruwa da gishiri. In bai mayar ba jini ya ragu, zuciya ta dinga bugu da sauri tana neman ta kai jini fata ta kuma kai ƙwaƙwalwa da ƙoda a lokaci guda, zuciyar ɗan shekara 70 ba za ta jima tana wannan aikin ba. Daga nan zafin ciki ya fara hawa. Da ya wuce digiri 40 gaɓoɓi sun fara lalacewa, ƙwaƙwalwa ce kan gaba, sai hanta, sai ƙoda, naman jiki ya fara narkewa yana zuba cikin jini har fitsari ya koma baƙi-baƙi, a ƙarshe jini ma ya daina daskarewa yadda ya kamata. Ɓarnar kuma tana tafiya ne da tsawon lokacin da jikin ya yi a wannan zafin, wanda aka sauko masa da shi cikin rabin awa yawanci yana tashi, wanda ya yi awa biyu a kwance ana jiran mota ko ya rayu ba lallai ƙodarsa ko ƙwaƙwalwarsa su dawo daidai ba.

Mataki biyu ne, kuma bambance su shi ne rabin aikin. Na farko galabaita: gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko amai, ƙafafu na ɗaurewa, kasala, ƙishirwa, zuciya na dukan uku-uku, wani har ya yanke jiki na ɗan lokaci ya farfaɗo. Amma hankalinsa na nan, ka tambaye shi sunansa da jiharsu da inda yake zai ba ka amsa daidai. Wannan a kai shi inuwa a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa kaya, a jiƙa shi a yi masa fifita, a ba shi ruwa yana kurɓa a hankali, in da ruwan gishiri da suga na leda ya fi, kuma ya gama yawo a ranar ke nan ko da ya rantse ya warke. In an yi rabin awa bai ji sauƙi ba, ko amai ya hana ruwan zama, asibiti.

Na biyu shi ne bugun ranar kansa, kuma alamarsa a hankali take, ba a gumi ba. Mutum ya fara sambatu, ko ya dinga maimaita magana ɗaya, ko harshensa ya yi nauyi, ko ya dinga tangaɗi, ko dattijo mai haƙuri ya hau faɗa da zagi babu dalili, ko ya tsaya yana kallon matarsa bai gane ta ba, ko ya fara cire haraminsa a bainar jama'a, daga nan sai jijjiga ko suma. Ka taɓa ƙirjinsa ka ji zau. Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai bugun rana fatarsa a bushe take, eh tsofaffin da zafi ya dafa a hankali sukan bushe, amma wanda ya faɗi yana cikin tafiya ko aiki sau da yawa jiƙe yake da gumi, don haka kar gumin ya ruɗe ka ka ce ai da sauƙi.

A nan ne mu Hausawa muke da matsala ta musamman, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan. Idan mutum ya rikice a gabanmu, abin da ke fara zuwa mana a rai aljanu ne, ko a ce tsufa ne, ko a ce ganin taro ne ya ruɗa Baba tunda bai taɓa fita ƙauye ba. Sai a zagaye shi ana tofi ana danne shi, mutum goma sun tare masa iska. In kuma an ji jiki da zafi sai a ce zazzaɓi ne a ɓallo farasitamol. Farasitamol ba ya sauke wannan zafin ko kaɗan, don shi aikinsa a kan zazzaɓin da jiki ya ɗaga da kansa saboda cuta ne, wannan kuwa zafi ne da ya fi ƙarfin jiki, ƙari ma hantar da za ta sarrafa maganin ita ma a lokacin tana cikin wahala. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen kuma ƙodar suke ƙara wa nauyi. Addu'a babu mai hana ta, a yi ta da baki, hannu kuma yana zuba ruwa.

Abin yi kuwa ba shi da wuya. Ɗaya ya ruga kiran ma'aikatan lafiya, sauran su fara sanyaya shi a take a wurin, ba wai a ɗauke shi a yi ta neman hanya cikin cunkoso ba tare da an zuba masa komai ba. A ja shi inuwa, in babu a riƙe masa lema ko a ware mayafi a kansa. A cire duk kayan da za a iya cirewa gwargwadon sutura, maza su ja baya mata su kewaye in mace ce. A kwarara masa ruwa tun daga kai har ƙafa, mafi sanyin da aka samu, ba yayyafi ba, a jiƙa shi jagab, a dinga fifita da ƙarfi da kwali ko darduma ko ma mene ne, ruwan na bushewa ana ƙarawa. In akwai ƙanƙara a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi, a shafe sauran jikin da ita. Abin da ya fi duk waɗannan sauri shi ne a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya wani na riƙe da kansa, in akwai baho ko ma leda babba da mutane za su riƙe gefunanta a zuba ruwa da ƙanƙara a ciki. Tsoron da ake yi wai ruwan sanyi a jiki mai zafi zai sa shanyewar ɓarin jiki, ba shi da tushe, zafin ne ke kashewa. Kar a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki, zai shaƙe ya tafi huhu. In ya suma ko yana amai a juya shi ya kwanta ta gefe. In yana jijjiga kar a tura masa cokali ko yatsa a baki. A ci gaba da sanyayawar har a cikin mota, likitoci suna neman zafin ya sauko ƙasa da digiri 39 ne, kuma ko ya farfaɗo ya ce a bar shi sai an kai shi an duba jini da fitsari, don lalacewar hanta da ƙoda sai bayan kwana ɗaya ko biyu take bayyana.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Makka. Tun 1980 wani likita ɗan Sudan, Mustafa Khogali, tare da abokin aikinsa Weiner suka fito da wani gado na raga da ake kwantar da mai bugun rana ana fesa masa ruwa ana hura masa iska, saboda alhazai aka yi shi lokacin da Hajji ke tunkarar watannin zafi a wancan zagayen. Asibitocin Mina da Arfa suna da gadaje na musamman don wannan, akwai fanka mai feshin ruwa a hanyoyi, kuma a 2024 ɗin ministan ya ce sun yi wa marasa izini kaɗai hidimar lafiya sau dubu 141. Kenan kayan aiki na nan, abin da ya ci mutane shi ne tazarar da ke tsakanin inda suka faɗi da inda gadon yake, da kuma mintocin da suka wuce na kusa da su ba su gane abin da suke gani ba.

Sai maganar mun saba da rana. Na sha jin ta a bakin maniyyata, wai mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas me ranar Makka za ta yi masa. Sabo gaskiya ne, jiki yana koyon zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya fara gumi da wuri ya rage zubar da gishiri. Amma a gida da azahar ai kana gindin bishiya ko rumfa, ba ka tafiyar kilomitoci kai a buɗe bayan ka kwana biyu ba barcin kirki, ga mura da tarin da kusan kowane alhaji ke kwasa, ga wasu da gudawa. Sannan wanda ya yi makonni a ɗakin otal mai esi a Madina da Makka ba lallai sabon da ya zo da shi ya rage kamar yadda yake zato ba. Ga wata ɗabi'a da ta fi yawa a wajen iyayenmu mata, su ƙi shan ruwa saboda layin banɗaki a Mina da Arfa ko don kar alwala ta karye, wallahi wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Ma'aunin da kowa ke iya dubawa shi ne fitsari, in ya yi ja ko ya yi kaɗan ko an wuni ba a yi ba to ruwa ya yi ƙasa. A sha kafin a ji ƙishirwa, kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ci abinci saboda gishiri, don ruwa zalla da yawa babu gishiri shi ma yana da tasa illar. Masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari da mai rage bugun zuciya, da masu maganin ƙwaƙwalwa, da masu shan maganin mura mai sa barci, su sani waɗannan suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi. Ba a ce a daina sha ba, a nuna wa likita tun a gida ya faɗi yadda za a yi. Mai suga kuma rikicewarsa na iya zama sugan ne ya faɗi, don haka abokan ɗakinsa su san yana da shi.

Akwai kuma masu ganin wahalar ita ce ladan. Su ƙi riƙe lema wai namiji ba ya rufe kai cikin harami, su dage sai sun hau Dutsen Rahama da tsakar rana, su ce jifa sai da hannunsu ko da ƙafa ba ta ɗaukarsu. A tambayi malaman bita. Ya tabbata cewa a Hajjin bankwana an ɗaga wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tufa a sama ana kare shi daga zafi har ya yi jifan Aƙaba, Bilal da Usama ne tare da shi, ɗaya na riƙe da akalar taguwa ɗaya na yi masa inuwa. Ya kuma faɗa cewa Arfa dukkanta wurin tsayuwa ce, wanda ya wuni cikin tantinsa a cikin iyakar Arfa ya tsaya. Mai rauni an yarda ya wakilta wani ya yi masa jifa. Hukumomin Saudiyya ma a waɗannan ranakun sun ce kar a fita jifa tsakanin ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma. Duk wanda ya raka tsoho ko tsohuwa nauyin wannan a wuyansa yake, ya iya cewa Hajiya yau ba za ki fita ba ni zan jefa miki, ko da za ta yi fushi.

A Hajjin 2025 an tsaurara sosai, an ninka tarar shiga ba izini zuwa riyal dubu 20, an ƙara rumfuna da wuraren sanyi a hanyoyi, an kuma roƙi alhazai su zauna cikin tanti a tsakiyar ranar Arfa. Tunda shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kusan kwana 11, Hajji yana ja baya yana fita daga tsakiyar bazarar can, sai bayan kusan shekara 33 ya zagayo inda yake. Amma kar a saki jiki, watan Mayu ma a Makka yana haura digiri 40, kuma Umara duk shekara ake yi.

Mu ma a nan ba mu tsira ba. Watanni biyu kafin Hajjin 2024, a ƙarshen azumin shekarar, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, yawanci tsofaffi, kuma wannan zafin ya taɓa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi ga rashin wuta. Irin waɗannan ba tafiya suka yi a rana ba, a ɗakin kwano suka kwana uku huɗu dare ba ya sanyi. Alamar dai ita ce, kakar da aka bari lafiya da safe a same ta da la'asar tana magana ba kan gado jiki zau, ko jaririn da ya yi laushi ya ƙi kama nono, ko lebura ko ɗan acaɓa da ya sauka yana tangaɗi. A wajenmu rikicewa da zafin jiki a wannan lokacin na iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai, kuma a gida babu mai iya bambancewa, to a jiƙa shi a yi ta fifita a hanyar zuwa asibiti, sanyayawar ba za ta cutar da mai sanƙarau ba, a can ne za su gwada su gane wanne ne. Mai azumin da ya kai matakin jiri da amai da ganin duhu kuwa ya sha ruwa ya rama daga baya, kar a jira masa magariba.